Hotona da Inna

Ni ne ɗan farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye irin namu, nan bayan Minjibir, ya san abin da hakan ke nufi. Sunana Iliyasu, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. A wurinta ni “wancan” ne, ko “yayanku” in da ƙannena take magana, in kuwa na ɓata mata rai sai in koma “wannan mutumin”. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, can na girma, dangar kara ɗaya ce tsakanina da ɗakin uwata. In na shigo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon turmi ko bakin murhu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Haka ta tarar uwarta na yi, haka ita ma ta yi. Na san wannan tun ina yaro, amma sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba.

Ƙannena biyu, Zubair da Nana Aisha, su kam sun ci duniyarsu da tsinke. Zubair yana da hoto da Inna ranar da ya gama sakandare, ta dafa kafaɗarsa. Nana Aisha tana da nata na ranar da za a kai ta gidan miji a Tofa, Inna na dariya har wushiryarta ta fito. Ranar nan na lallaɓa na tsaya a gefe ko zan faɗo a ciki, Inna na hango ni ta miƙe, wai ta bar tukunya a wuta. Mata suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don ba yadda zan yi. Ranar bikina kuwa tun asuba ta tsallaka gidan maƙwabta ta ɓuya, ba ta dawo ba sai da aka watse. Na kai shekara talatin da wani abu, da mata da ’ya, ba ni da hoto ko ɗaya da matar da ta haife ni. Mutum zai ce wannan ƙaramin abu ne. Ni dai shi nake so, kuma na so shi ƙwarai.

Abin da ya sa na soma ganin kamar zai yiwu, wani shiri ne na talabijin. A bakin titi akwai shagon Kallamu, inda muke kai cajin waya, yana da sola da talabijin a rataye sama da sandunan rake. Ranar Asabar bayan la’asar wata tasha kan nuna wani dattijo mai tabarau da furfura a gemu, yana koyar da ɗaukar hoto da wayar hannu. Ranar da na fara cin karo da shi samari na ta hayaniya a canja musu zuwa ƙwallo.

“Don Allah ku bari mu gani,” na ce.

Kallamu ya dube ni sheƙeƙe. “Kai Iliyasu, hoton ma sai an koya? Ka ɗaga, ka danna, shi ke nan. Ko jaririn gidanmu ya iya.”

“Shi ya sa duk hotunanka kake fita kamar an kama ka da satar akuya,” na ce masa. Aka yi dariya, ya bar mini tashar.

Daga nan ban ƙara fashi ba. Ko ina tsakiyar noma ne, la’asar na yi zan rataya fartanya in hau keke. Dattijon nan ya koya mini abubuwan da ban taɓa kawowa a raina ba: a goge idon kyamara da bakin riga kafin komai, haske ya zo ta gaban mutum ba ta bayansa ba, ranar safe da ta yamma sun fi ta tsaka tausayin fuska, a riƙe numfashi lokacin dannawa, a duba gefe da gefe a ga wa ya shiga wa ya fita. Na dinga gwadawa a kan duk abin da ya tsaya mini. Na ɗauki jakin maƙwabcinmu har ya soma gane ni. Na ɗauki zangarniyar dawa da raɓa a jikinta, na ɗauki ’yan dako a Dawanau ranar da na kai wake, gumi na sheƙi a bayansu. Hotunan suka fara kyau, har Kallamu da bakinsa ya ce in ɗauke shi, amma ta gefen da ba haƙorin da ya karye.

Inna kuwa ta gagare ni. Ko ta ina na ɓullo sai ta ji a jikinta, kafin in danna ta juya baya ko ta ja mayafi. Wayata ta cika da hotunan ƙeyarta. Kuma ni ba hoton sata nake nema ba. So nake a gan ni a gan ta a wuri ɗaya, wanda bai san mu ba ya duba ya ce wannan ɗa ne da uwarsa.

Irin wannan hoton kuwa sai da mai ɗauka, shi ya sa na yi niyyar matata Maimunat ta koya. Ba ta zuwa shagon Kallamu, mace ba ta zama cikin ƙarti a bakin titi. Don haka da kaka ta yi na sayo ƙaramar talabijin da farantin sola, na hau rufi na ɗaura eriya a kan gora. Asabar ta zo, muka zauna ni da ita, na kunna ina ta yi mata alkawarin za ta ga dattijo mai hankali. Sai ga wasu mutane cikin manyan riguna suna nuna wa juna yatsa a kan siyasa. Bayansu aka sa tallar maganin basir. Asabar ta gaba ma haka. Na buga lambar da suke rubutawa a ƙasan allo, wata yarinya ta ce mini an dakatar da shirin, ba ta san dalili ba, ta kashe. Kallamu ya ce ai dole, tunda ni kaɗai ke kallo a duk faɗin jihar Kano. Na so in koya wa Maimunat da kaina, amma ga aiki ga hidimar gida, kullum sai mu ce gobe, don a ganinmu babu abin sauri.

Da damina ta kewayo ƙafafun Inna suka fara kumbura. Tun tana ɓoyewa har ya kai ba ta iya zuwa bakin rijiya sai ta huta a hanya, numfashinta na fita da ƙyar. Aka yi na gida, aka yi na kemis, aka kai ta Minjibir, daga ƙarshe suka ce zuciya ce, a wuce da ita birni.

Safiyar da za mu tafi ta faɗo lokacin cirar gyaɗa, gari duk ya watse gona. Nana Aisha za ta tarar da mu a asibiti, Zubair ya fita titi neman mota. Daga ni sai Maimunat a gidan. Na shigo da jakar kaya sai na tarar Inna ta fito ta zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta ɗaura atamfarta ta Sallah, ta sa tozali. Mai zuwa asibiti ba ya irin wannan shiri.

Ba ta dube ni ba. Sai ta kira Maimunat, wadda ke durƙushe can gefe tana ɗaure kwanuka.

“Ke, ’yar nan.”

“Na’am, Inna.”

“Ce wa wancan ya kawo abin nan nasa da yake bin mutane da shi.”

Ina tsaye a wurin, tsakanina da ita bai fi taku kaɗan ba, amma sai da Maimunat ta juyo ta ce, “Malam, Inna ta ce ka kawo wayarka.” Sannan Inna ta sa tafin hannu ta bubbuga tabarma a gefenta, wurin da ban taɓa zama ba tun da na yi wayo.

“Ya zauna nan,” ta ce. “A yi a gama, kada wani ya shigo.”

Na ciro wayar daga aljihu. Ko a lokacin karatun dattijo bai bar ni ba. Na duba rana, ta fito ta kan rumbu, mai laushi, tana sauka daidai fuskar Inna, ko ni na tsara ba zan samu wadda ta fi ta ba. Na goge idon kyamara, na miƙa wa Maimunat, na nuna mata inda za ta danna, na ce ta danna da yawa. Na cire takalmi na zauna. Na ji ƙamshin man kaɗanyar da Inna ke shafawa, na ji numfashinta yana fita da ɗan sauti. Hawaye suka cika mini ido, na kafe kallona a kan jinkar rumbu don kada su zubo su ɓata hoton. Ina jin wayar na ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Sai hon ɗin mota a ƙofar gida. Inna ta ja mayafinta, na miƙe, na karɓi wayar na jefa a aljihu. Ni da Zubair muka tallafe ta zuwa mota.

Ba mu daɗe a asibiti ba. Aka sa mata robar iska a hanci, Nana Aisha na gefen gado, ni ina waje a baranda tare da sauran masu jinya, don ko a can in na shiga sai ta juyar da kai bango. Sau da yawa na ciro wayar zan duba, sai in mayar. Gani nake in na buɗe hoton kamar na yarda ke nan ba za ta tashi ba. Na ce bari sai mun koma gida, in kai a wanke shi babba, in rataya a ɗakina. Ranar wata Alhamis bayan azahar Allah ya karɓi abarsa. Muka dawo da ita, aka yi mata sutura, kafin magariba an kai ta makwancinta.

Sai da aka yi sadakar uku, masu gaisuwa suka ragu, sannan na sulale zuwa gona. Na zauna a gindin ɗorawa, na yi bisimilla, na buɗe.

Babu kawunanmu. Daga ƙirji zuwa ƙasa hoton ya kama: tabarma, gwiwoyina, zanen atamfa, kumburarrun ƙafafunta da tsohon lalle, da gefen kwanon sha. Na ja zuwa na gaba, haka. Na gaba, haka. Na kai ƙarshe na dawo farko, na sake bi, kamar in na matsa musu kawunan za su sauko. Ban san lokacin da na yi ihu ba, har ’yan matan da ke kalar gyaɗa a gonar gaba suka ɗago suna kallona.

A nan na gane abin da ya faru. Maimunat tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kallon tsabar idon Inna ba. Ba ta cin abinci a gabanta, in za ta gifta ta sai ta rusuna. Ranar nan ma durƙusawa ta yi, ta sunkuyar da kai kamar yadda ake yi a gaban suruka, wayar ta bi kanta ta sunkuya, ta yi ta dannawa idonta na ƙasa. To da me zan kama ta? Tarbiyyar da na yi ta yabonta a kai ita ce ta yi aikinta.

Shi ya sa fushina ya koma kan mutanen talabijin, kuma har yau bai sauka ba. Kuna da yini guda cur na surutu da kiɗa da tallar magani, amma ɗan lokacin da dattijo ɗaya ke koya wa talaka yadda zai adana fuskar uwarsa shi ne ya tsone muku ido? Da kun bar shi, da kun ƙara irinsa, da wataƙila Maimunat ta ji daga bakin babba cewa mai ɗaukar hoto dole ya ɗaga kai ya kalli wanda yake ɗauka, ko da sarakuwarsa ce. Na san wani zai ce ba laifinsu ba ne. Wataƙila. Amma mai baƙin ciki sai ya sami inda zai ajiye shi, ni kuma a nan na ajiye nawa.

Da kuka ya lafa na sake bin hotunan a hankali, ina buɗa su da yatsu biyu. A na farko hannayen Inna suna kan cinyarta. A na gaba hannun dama ya sauka kan tabarma. Can gaba ya matso. A na ƙarshe ta kama gefen rigata, ta ƙasa, inda ba zan ji ba, ta dunƙule shi a tafinta har yadin ya tattare. Wallahi ban ji ba. Ina can ina kallon jinkar rumbu.

Na koma gida rana ta yi sanyi. Maimunat na tankaɗe a tsakar gida, idonta a kumbure. Ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ta daɗe ba ta tashi ba.

“Malam,” ta ce, “hoton nan kuwa ya fita?”

“Ya fita,” na ce.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta share ido da gefen zane. “Alhamdu lillahi. Ni ban iya ɗaga kai ba. Inna ta yi murmushi a ciki?”

Na buɗe baki zan amsa mata, sai na tuna ni ma ban kalle ta ba. Ban da Inna, mu biyu ne kaɗai a gidan ranar nan, babu wani da za a tambaya.