Bayan Ɗan'inna Bai San Ƙasa Ba

Shekara goma sha tara muna lodin jakunkunan alhazai ni da Ɗan'inna a filin jirgin Madina, kuma shekara goma sha tara ina shan labari guda: wai a duk kokawar da ya yi a Cadi yana saurayi, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ni dai na yarda, don na sha ganin ya sunkuci akwatin da mutum biyu ke nishi a kai. 'Ya'yansa ne ba su yarda ba. Babbarsu, Raudatu, da ya ɗauko zancen sai ta yi murmushi ta ce da Larabci, "Tayyib, Baba," wato "to, na ji," ta koma kan wayarta. Wannan murmushin ya fi zagi yi masa ciwo, na sani ko bai faɗa ba.

Ana nan sai ga Sa'id, ɗan wani amininmu, haihuwar nan, mai gidan motsa jiki a unguwar Sultana. Ya ce za a yi babbar kokawar Turawa a Jidda, irin wadda ake biya a kalla a talabijin, kuma masu shirya ta na neman ƙato ɗan gida don karawar buɗe fage. Abu ɗaya Ɗan'inna ya tambaya: "Raudatu za ta gani daga gida?"

"Akid, ya ammi," in ji Sa'id, wato tabbas, baffa. "Duniya duka za ta gani."

Ranar Alhamis bayan la'asar na kai shi gwaji a gidan motsa jikin Sa'id, da tsohon walkinsa na fata a cikin leda. Muka tarar an kafa dandali mai igiyoyi. Ga Baturen da ke shirya wasan, ga abokin karawar, wani mai dogon gashi da ƙirji kamar an hura da famfo. Abin da ba mu sani ba, an ɗora wa Sa'id ya yi wa Ɗan'inna bayanin yadda wasan yake, wato tun kafin a hau an san mai faɗuwa. Shi kuma kunya ta hana shi duban sa'an ubansa ya ce masa kai ne za ka faɗi. Ya yi ta ɗaga maganar har lokaci ya ƙure masa.

Bature ya tafa hannu. Mai gashi ya taho a guje yana kururuwa, abin da ba ɗan kokawar kirki da zai yi. Ɗan'inna ya ɗan rusuna, ya cafki ƙugunsa, ya sa masa ƙafa, sai ji muka yi dandali ya amsa. Daga nan ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya kakkaɓe masa baya, ya juya zai sauka, domin a kokawarmu da jikinka ya taɓa ƙasa magana ta ƙare.

Bature ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan tsohon ya yi masa, haka yake so, sai dai a ƙarshe shi zai kwanta a ƙirga uku. Dole Sa'id ya fassara, kansa a sunkuye.

"Ya ammi, tamsil ne, wasan kwaikwayo. Za ka jijjiga shi minti shida, ba'den ya ɗaga ka, kai kuma ka kwanta rigingine. Uku kawai za a ƙirga, halas."

"Shi ya ɗaga ni?" Ɗan'inna ya dubi mai gashi, wanda har lokacin yake murza ƙugu. "Da wane hannun?"

"Kai za ka taimake shi. Kowa ya san ba gaskiya ba ne."

"Raudatu ma ta ce nawa ba gaskiya ba ne. Yanzu in je gaban duniya in kwanta, in tabbatar mata?"

Ba zan ɓoye ba, ni ma na sa baki, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Na ce masa shekarunsa hamsin da biyu, irin wannan ƙofa ba ta buɗuwa sau biyu, ya daure ya kwanta na ƙiftawar ido 'ya'yansa su gan shi cikin fitilu. Ya yi mini wani kallo da na gwammace mari.

"Sabo, goshina na taɓa ƙasa kullum, kuma ka san Wanda nake yi wa. Bayana kuwa ba na haya ba ne."

Ya naɗe walkinsa ya mayar cikin leda. Sa'id ya biyo mu har bakin titi yana roƙo, rabi Hausa rabi Larabci, Ɗan'inna bai ko waiwaya ba. A mota ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haushinsa nake ji, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Ranar wasan, bayan magariba, ya kira ni gidansa, da kansa ya sa aka kunna talabijin. An samo wani ƙaton a madadinsa. Muna kallo mai gashi ya ɗaga shi da ƙyar, ƙaton na tallafa masa a fili, ya kwanta shame-shame aka ƙirga uku, jama'a suka ɗau sowa.

Ashe Sa'id ya tura wa Raudatu bidiyon gwajin da kyamarar gidan motsa jikinsa ta ɗauka, wataƙila don ya wanke laifinsa. Ta ajiye wayar, ta dubi talabijin, ta dubi ubanta. Da Hausarta mai tsami ta tambaye shi, "Baba, da ka je, haka za ka kwanta?"

Ya kurɓi shayinsa a hankali.

"Ko ranar da za a kai ni maƙabartar Baƙi'a, 'yata, a gefen dama za a kwantar da ni."