Babban Haƙorin Maikuɗi

Sada ya diro daga motar kasuwa a Gwaram yana dafe da aljihu, baki har kunne. Baduku ne a Birnin Kudu, irin mutanen nan da in ka ba su ɗinkin takalmi sai sun gyara maka har tafiya.

Abin da ke aljihun babban haƙorin dutse ne na Maikuɗi, wan matarsa. Shekarun da Maikuɗi ya yi yana jan motar siminti daga Sakkwato, ba abin da yake nema wajen masu haƙar dutse sai haƙoran wani ƙaton kifin teku, waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Mutanen gari suka mai da shi abin dariya. Kuɗin fetur ya shigo, kowane direba na dawowa da rediyo da atamfa, shi yana dawowa da tsakuwa a gwangwani. To yau ce ranar da zai rufe bakinsu. Wani jami'in gidan tarihi ya zo daga Jos, kuma in babban haƙorin ya yi masa, za a sa shi cikin gilashi da sunan Maikuɗi a ƙasa.

Kube kawai aka ce Sada ya ɗinka wa haƙorin. Amma da ya ga gefensa da kaushi kamar zarto, gindinsa baƙi duk ya tsattsage, sai ya ce ai ba a kai wa baƙo abu haka. Ya ɗora shi a kan dutsen wasa wuƙa ya goge kaushin tas, ya rage gindin, ya mulke shi da mai har yana ɗaukar ido.

Sada ya tarar da zauren Maikuɗi cike. Masu dariyar jiya duk sun zo kallo. Baƙon, Malam Salisu, yana zaune a tabarma yana jujjuya wani ƙaramin haƙori.

"Alhaji, ka ga wannan zarton na gefe? Da shi da gindin muke gane irin kifin da girmansa. Wasu sukan goge don ya yi kyau. Da an goge, shi ke nan, ya koma tsakuwa."

"Ai sai ka ga babban," in ji Maikuɗi. "Zartonsa ko ɗaya bai karye ba. Yauwa, ga ma Sada nan. Shigo mana."

Sada ya ji gumi na bin bayansa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ka fi so ƙasa ta tsage. Gyaran gangar Auzinawa ke nan ya yi. Ya yi tunanin ya ce ya manta shi a rumfa, ko ya faɗi a mota. Amma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ga kuma idon Maikuɗi a kansa. Ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Ga shi, Yaya."

Maikuɗi ya buɗe kuben, ya zura babban yatsa ciki, ya shafa gefe ɗaya, ya shafa ɗayan. Sada dai tabarma yake kallo.

"Alhaji, a fito mana da shi mu gani!" wani ya faɗa daga bakin ƙofa.

Maikuɗi ya mai da murfin, ya sa kuben a aljihu.

"Malam Salisu, ka yi haƙuri. Na fasa. Wannan ba zan iya rabuwa da shi ba, in kuwa ka gan shi za ka roƙe ni. Zaɓi cikin ƙananan."

Zauren ya fashe da dariya. "Mun faɗa! Tsakuwa ce!" Aka fara watsewa ana tafa hannu. Baƙon ya duba ƙananan, ya ce suna da irinsu, ya yi godiya ya tafi.

Suka rage su biyu. Sada ya buɗe baki.

"Yaya, wallahi ni gyara na yi nufi..."

"Ɗinkin ya yi kyau," in ji Maikuɗi yana mai da ƙananan cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. "Waɗannan ma ka yi musu kube. Amma kawo zare ka auna su a nan, haƙoran su zauna."