Tafiyar Hsiu-luan a Bakin Teku

Ana saura kwanaki kaɗan a yi taron bankwana da yayata Hsiu-luan, mijinta Teng-fa ya kira ni wai kwamfutarsa ta ƙi. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, don haka dangi ba sa tunawa da ni sai wani abu ya lalace musu. Na rufe shago na hau babur. Tun rasuwarta ban yi kuka ba, ban kuma ji yana zuwa ba.

Na same shi a ɗakin sama. A ƙasa 'ya'yansa na ta naɗe furannin takarda da za a ƙona mata bisa al'adarmu. Masu shirya jana'izar sun ce za su haɗa bidiyon tunawa da za a nuna wa baƙi, ya ce a'a, da hannunsa zai yi. Mutumin da ya tsufa yana sayar da faten shinkafa da kifi, ko saƙon waya da yatsa ɗaya yake rubutawa.

Abin da yake so ɗaya ne. Duk wanda ya zo duba ta a shekarunta na ƙarshe a keken guragu ya gan ta, ciwon jijiya ya gama da ƙafafun. To akwai wani bidiyo da 'yarsu ta ɗauka a bakin tekun Anping, tun ba a san hanyar asibiti ba. Da shi yake so a rufe taro, mutane su koma gida da ita tana tafiya da ƙafarta.

Ya danna min. Hsiu-luan ta taho da takalmanta a hannu, ta ƙame, sai ga ta can gaba, ta sake ƙamewa. Teku ma haka, wani kare da ke bakin ruwan ma haka. Fankar kwamfutar sai gurnani take yi.

Na yi masa bayani yadda nake yi wa kowa. Wayoyin yanzu hoto mai nauyi suke ɗauka, kwamfutarsa kuwa ta kwana biyu, ba ta iya buɗe hotunan a kan lokaci, sai ta zubar da wasu ta yi tsalle don ta kamo sauti. Na ce akwai dabara, na rage ingancin hoton zuwa kwata. Ya ɗan saki, amma fuskarta ta dagule kamar ta bayan gilashin banɗaki. Kafin ta yi taku biyu ya tsayar.

"Wannan ba ita ba ce. Mayar min da fuskarta, A-Kun."

Na ce masa in an gama haɗawa aka fitar, sumul zai tafi a majigi. Bai yarda ba. Ya ce shi ba ya kai wa mutane abin da bai ɗanɗana ba.

Na koma shago na ciro katin hoto, wato abin da ke sarrafa bidiyo, daga tawa kwamfutar, na haɗo da ƙarin ƙwaƙwalwa na dawo. Yana tsaye a kaina ina ɗaurawa, yana cewa ashe dai ina da amfani, yayata ce kawai ba ta gani ba. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

Na kunna. Fanka ta yi shiru. Igiyar ruwa ta zo ta koma ba gargada, karen ya wuce da gudu, iska na kaɗa gashinta ɗaya bayan ɗaya. Fuskarta tas, har tabon da ke haɓarta. Ta taho tana dariya. Ƙafarta ta hagu ta maƙale a yashi, ta ja ta, ta yi 'yan taku, ta sake maƙalewa.

Na dubi ƙaramar alamar da ke ƙirga hotunan da na'ura ta zubar. Kore ce, ko ɗaya bai faɗi ba. Ashe wannan ba na'ura ba ce, ƙafar ce ta fara tun a lokacin. Na kalli alamar na daɗe, don ta fi sauƙin kallo.

Teng-fa ya mayar da shi farko, ya kalla, ya sake mayarwa. Daga ƙasa aka kira mu cin abinci, ya ƙara kunnawa.

"Har yanzu yana ɗan yi," ya ce, idonsa na kan allo. "Babu katin da ya fi wannan ne?"

"Akwai, Yaya."

"To kawo shi gobe."