Littafin da Ba a Taɓa Ara Ba

Aikin da wani kafinta ya fi murnar samu a shekarar nan shi ne ya zame masa ƙashi a wuya. Da ya san abin da zai biyo baya, da ranar da aka kira shi ɗakin karatu na jami'a ya ce bayansa ke ciwo, ya bar wa wani. Amma ya tafi da sassarfa, har da sa rigar da ba ya zuwa aiki da ita, don a jami'ar nan 'yarsa ta fari take shekararta ta ƙarshe, kuma ba ya son ƙawayenta su ga ubanta da ƙurar katako a kafaɗa.

Tun tana ƙarama yake kiranta Injiniya, saboda ba ta barin rediyo ko fitila sai ta kwance ta ga cikinta. Sunan ya bi ta har ta shiga karatun aikin ruwa da madatsai. Shi bai yi nisa a boko ba, yana iya karanta awo da lambar ƙusa, amma ya san abu ɗaya: bana za ta gama, baɗi ƙaninta ya shiga. Ƙarfinsa ba zai ɗauki su biyun a lokaci guda ba. Ya faɗa wa maƙwabta bana ne, ya faɗa wa masu sayar masa da katako, har mai gyaran takalmin bakin layi ya sani.

Shugabar ɗakin karatun mace ce mai tabarau rataye da igiya a wuya, mai magana a hankali. Ta zagaya da shi ɓangaren baya, inda kantoci suka jeru har rufi.

"Malam kafinta, duk wannan layin za a cire. A sa tebura na kwamfuta, kowanne da ramin waya."

"Littattafan fa, ranki ya daɗe?"

"An riga an tace su. Yanzu kowane littafi yana cikin rumbun bayanai: sunansa, kantar da yake, da ranar da aka are shi. Wanda aka yi shekaru babu mai ara, ya tare wuri ne kawai. An manna musu jar takarda. Masu jar takarda a zuba su a buhu, mota za ta zo."

Haka aka yi. Ya kwance kantoci, ya zare ƙusoshi ya miƙar da masu miƙuwa, ya jingine katakan da za su sake amfani. Da ya ga masu share-share sun yi kaɗan, ya sa hannu ya taya su cika buhuna, don a buɗe masa wuri ya yi awo. Bai duba ko ɗaya ba. Jar takarda kawai yake nema, ya ɗauka ya jefa. Wasu a tsaye suke, wasu sun faɗa bayan 'yan'uwansu, duk ya zaƙulo su. Shi mutum ne da ba ya barin aiki da saura.

Teburan kuwa sun yi kyau, babu mai musu. Kuma sabon tsarin ya yi wa ɗalibai rana. Da aka koma karatu bayan hutu, a tsakar gida Injiniya ta nuna wa iyayenta a wayarta yadda take neman littafi a shafin ɗakin karatun, ta ga ko yana nan, ta sa a ajiye mata.

"Da sai ka yi sammako ka bi layi, a ce maka an ara," in ji ta. "Yanzu daga kan tabarmar nan."

Uwarta ta leƙa wayar ta taɓe baki. "To ya sa miki wanke-wanken ma daga kan tabarmar."

"Kuma a teburin Baba nake zama, Umma. Na gane nasa, ba ya rawa."

Ranar kafinta ya ci abinci har da ƙari.

Ba a jima ba ta dawo wata rana da la'asar, ta wuce shi a ƙofar shago da gaisuwar da ba ta kai ba. Ya bar yankan da yake yi ya bi ta ciki. Ya same ta zaune a bakin gado, jakarta ba ta ko sauke ba.

"Wa ya taɓa ki?"

"Babu kowa, Baba. Littafinmu ne babu."

Sai da ya zauna ta yi masa bayani. Akwai wani tsohon littafi guda ɗaya tak a jami'ar, mai ɗauke da awon ruwan sama da na koguna na yankin tun shekarun da ba a haife ta ba. An daɗe da daina buga shi. A kansa ta gina kundin kammala karatunta. Ta kwafi rabin alƙaluman kafin hutu, ta bar rabi sai ta dawo. Malamin da ke duba aikinta ya ce ba zai sa hannu a kan rabin lissafi ba, kuma in lokacin miƙa kundi ya wuce, sai baɗi.

"To wa ya ara? A je a roƙe shi."

"Ai ba a ararsa, Baba."

"Kamar yaya ba a ararsa?"

Ta goge fuska da gefen mayafi. Tun kafin su shigo, in ji ta, 'yan sashensu suke da wata ƙa'ida a tsakaninsu. An taɓa samun wanda ya ari littafin ya tafi da shi gida, ya riƙe shi zango guda, sauran suka sha wuya. Daga nan suka yi alkawari babu mai sake kai shi gaban tebur a rubuta masa. A nan za a karanta, a nan za a bar shi, a bayan manyan littattafai na kantar ƙasa, kusa da taga. Duk wanda ya shigo shekarar ƙarshe, na gaba da shi zai kama hannunsa ya nuna masa wurin.

"Kullum yana hannun wani. Har layi muke yi masa. Amma a shafin an rubuta an cire shi."

Kantar ƙasa, kusa da taga. Kafinta ya tuna yadda ya durƙusa a wurin har gwiwarsa ta yi ƙara.

"Yaya kamanninsa?"

"Bangonsa ya mutu, an naɗe shi da baƙin salatif. Ko suna babu a gefensa."

Ya yi ta lalube a ransa. Ya ɗauki masu baƙin salatif, ya ɗauki masu ruwan ƙasa, ya ɗauki marasa bango. Ba zai iya cewa ga shi ba, ba zai iya cewa ba shi ba.

Washegari ya koma wurin shugabar, wannan karon da rigar aiki. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta juya masa fuskar kwamfutar, kamar zai iya karanta abin da ke ciki.

"Ga shi nan. Tun kafin in kama aiki a nan ba a are shi ba ko sau ɗaya."

"Ranki ya daɗe, yaran nan kullum suna kansa."

"Ni ina zan sani, Malam? Na'ura abin da aka gaya mata take riƙewa. Su suka ɓoye mata, suka ɓoye mana. Kafin a kwashe mun sa sanarwa a shafin, duk sashen da ke son a bar masa wani littafi ya yi magana."

"Lokacin suna hutu."

"Malamansu ba sa hutu."

Ta faɗi haka, sai kuma ta cire tabaran ta murza idanu. Ba muguwa ba ce, ya gani. Da muguwa ce da ya fi masa sauƙi, da ya samu wanda zai zaga a hanya.

"Garin gyaran gira yaran nan sun tsone ido," in ji ta. "Da sau ɗaya ma a shekara wani ya kawo an rubuta masa ya mayar, da yana nan."

"Ina aka kai buhunan?"

Ta gaya masa. Wani mai sayen tsofaffin takardu ne a bayan kasuwar ƙarafa.

Wurin rumfa ce ta kwano, zafi kamar tanda, takardu jibge har sun fi mutum tsawo. Mai wurin yana zaune kusa da sikeli yana fifita da bangon wani littafi. Ya ji bayanin kafinta ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda ya saba.

"Maigida, baƙin salatif ka ce? Ai rabin kayan jami'a baƙin salatif ne. Masu ilimi ba sa sayen sabo."

"In ka bar ni in duba."

"Duba mana, ƙasa ba ta hana tono. Amma in gaya maka gaskiya, yawancinsu sun tafi. Masu yin kwalin ƙwai sun kwashe. Jiƙa su suke yi su dama."

"Su dama?"

"Kamar kunu. Wataƙila ilimin 'yarka yana can yana riƙe da ƙwai."

Kafinta bai yi dariya ba. Ya tuɓe hula ya shiga cikin abin da ya rage. Ya yini yana zazzage buhuna, duk mai baƙin salatif ya ware shi gefe ya buɗe, yana neman shafuka masu layukan lambobi kamar yadda ta kwatanta. Ƙura ta shige masa hanci da ido. Ya samu guda uku masu lambobi, ya ɗaure su a bayan kekensa ya kawo gida.

Injiniya ta buɗe na farko ta rufe. Ta buɗe na biyu. Na ukun ta ɗan daɗe a kansa, har ya fara sa rai, sai ta ajiye.

"Wannan na lissafin haraji ne, Baba."

Uwar, da ke tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ta ce, "Kai ma dai, Malam, mutum ya kwashi littattafai buhu-buhu bai tambayi 'yarsa ba, alhali a wurin take karatu?"

"Aikin katako aka kira ni."

"To me ya kai ka cika buhu?"

Abin da ya kai shi shi ne abin da ya sa ake kiransa aiki tun yana saurayi: ba ya iya tsayawa yana kallon aiki a ƙasa.

"Umma, ki bar shi," in ji Injiniya. "Ko bai ɗauka ba wani zai ɗauka. Jar takardar ba shi ya manna ba."

Ta faɗa ne ba ta dube shi ba. Ya gwammace ta yi masa tsawa irin ta uwarta. Ya fita shago ya ɗauki zarto, ya tsaya da shi a hannu, ya rasa abin da zai yanka.

Daga baya shugabar ta aiko a kira su, shi da 'yar. Ta ce sabon tsarin yana iya leƙa ɗakunan karatu na wasu jami'o'i, kuma ta nema. A wata jami'a mai nisa, shafinsu ya nuna suna da irin littafin guda ɗaya, kuma an rubuta yana kan kanta. Ta riga ta aika da buƙata a turo shi aro, ko a ɗauki hoton shafukan.

"Kin ga amfanin abin," in ji ta ga Injiniya. "Da a da ne, ko sanin yana can ba za mu yi ba."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Na gode."

Kafinta ya yi gyaran murya. "Su ma can sun yi irin gyaran da aka yi a nan?"

Shugabar ta gyara tabarau. "Sun riga mu ma."

"To wanda ya rubuta yana kan kanta, ya je ya gani da idonsa?"

"Wannan ban sani ba, Malam."

Suka fito ta tsakanin teburan. Kowanne da ɗalibi a kai, wasu biyu-biyu, babu ko ɗaya da ke rawa. A kusa da taga, inda kantar ƙasa take a da, wani saurayi ya miƙe ƙafafu yana danne-danne, hasken rana a bayansa. Injiniya ta kau da kai ta ƙara sauri.

A hanya ta ce masa malamin ya yarda ya ɗan jira, amma bai ce har yaushe ba. 'Yan ajinsu biyu da suka dogara da littafin sun sauya batun kundinsu tun da wuri. Ita nata ya yi nisan da ba zai sauyu ba.

Yanzu kullum da safe, kafin ya buɗe shago, yakan tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Injiniya, an amsa?"

Takan duba wayar. "Har yanzu dai 'an karɓi buƙata' yake nunawa."

Mai gyaran takalmi ya daina tambayarsa bikin gamawa, ko don ya ga fuskarsa ne. Ƙanin kuwa ya ci gaba da karatun jarrabawar shiga, babu wanda ya ce masa komai. Har yau ba su san ko littafin yana kan kanta a can ɗin ba, ko sunansa ne kawai ya rage a shafin. Ba su kuma san ko malamin zai jira har a gano ba.