Nauyin Taurari a Buhun Muntaka

Shekarar da aka datse layin waya a Batsari da Safana saboda ɓarayin daji, abin ya ritsa da Sharfaddeen a gida Darini, aikinsa na kammala jami'a bai ƙare ba. Taurari biyu masu zagaya juna aka ba shi, wai ya fitar da nauyinsu a haɗe. Ga mai ilimin, lissafin ba wuya: ana neman tazarar da ke tsakaninsu, da shekarun da suke ɗauka su kewaya juna, sai a ninka a raba. Tazara tana hannunsa. Shekarun ne malaminsa zai turo ta waya, kuma in amsa ba ta isa ran Juma'a ba, sai baɗi.

"Ga sama nan kyauta," in ji mahaifinsa, Malam Daudu. "Ka duba ka ƙirga mana."

"Baba, zagayensu ɗaya ya fi shekarunka."

"To, Allah ya kyauta."

Ya so ya tafi neman sabis da kansa, tsohon ya ce ko kusa, hanya ba lafiya. Sai dai Muntaka mai keke, wanda ya san ɓarauniyar hanya. Laraba da Juma'a yake tara wayoyin gari a buhu, ya kai su wani dutse mai nisa, saƙo ya shiga, saƙo ya fita. Dabarar ke nan: Laraba shekarun su zo, Juma'a amsa ta tafi.

Ran Laraba Sharfaddeen yana gona, Malam Daudu ya kai wayar da hannunsa, yana rungume da ita kamar ƙwai.

Da la'asar Muntaka ya juye buhu a tabarma. Kowa ya ɗauki tasa yana karanta gaisuwar 'yan'uwa. Ta Sharfaddeen kuwa baƙa ƙirin, a kashe. Ya kunna: caji fal, saƙo ko ɗaya babu. Shekarun ba su zo ba, ke nan ba amsar da zai aika ran Juma'a.

"Ni na kashe maka ita," in ji tsohon yana murmushi, "kada cajin ya ƙare a hanya. Ai na ga yadda kake tattalinsa."

Wa zai yi wa faɗa? Ya dubi furfurar nan, ya haɗiye baƙin cikinsa.

"Na gode, Baba."

"Madalla. To, nawa taurarin suka yi?"