Wanda Ba Shi da Jaka

Duk ƙauyukan kan dutsen nan babu wanda ya kai Mam Yadulla sanin naman kaza, wannan tsiron daji mai kama da laima, kuma da bakinsa yake faɗa. Shekara sittin yana tsinkar sa bayan ruwan Nauruz, bikin sabuwar shekararsu. Yaƙi ya yi ya bar shi, dusar ƙanƙara ta binne shi ya fito, sai wani ɗan tsiro?

Dokarsa ɗaya ce: mai guba yana zaune cikin farar jaka a gindinsa. Ƙananan da ya kawo ranar Talata ba su da jaka. Matarsa Tuba ta soya su da ƙwai. Haƙori na damun sa, sai ya tura mata nasa kason.

Washegari amai ya kayar da ita, aka kai ta asibitin birni. Rana ta uku ta tashi zaune, har da tsiya.

"Malamin daji, saura ƙiris ka huta da ni."

"Ke dai cikinki ne rago! Ga shi kin warware."

Likitar, wata matashiya mai suna Rojin, ta ja shi waje, ragowar naman kazan a hannunta.

"Kawu, wannan sauƙin na ƙarya ne. Gubar tana cin hantarta."

"Haba 'yata! Duba gindinsa. Ina jaka?"

"Ba danginsu ɗaya da mai jakar ba, amma gubarsu ɗaya. Masu bincike na ganin tun zamanin da, umarnin haɗa gubar da ke cikin ƙwayar halitta ya tsallaka daga wani dangi zuwa wani, dunƙule guda. Jakar ce ba ta biyo ba."

"Tun kafin kakana?"

"Tun kafin mutum."

"To wa zai gaya mini? Ku ba ta magani mana!"

"Muna bayarwa. Sai dai hanta ta riga ta yi nisa."

"Ku ciri tawa ku sa mata."

Rojin ta girgiza kai.

Ya koma ɗaki yana jan ƙafa. Tuba na ɗaura kallabi, tana lissafin awakin da ba a tatsa ba.

"Me yarinyar ta ce? Yau za mu koma?"

Hasken taga ya faɗo mata a fuska. Farin idonta ya soma komawa rawaya.

"Tsoho, da kai nake."

Mam Yadulla ya durƙusa, ya jawo takalmanta daga ƙarƙashin gado, ya riƙe su, ya rasa inda zai ajiye.