Katin Helen

Sunana Ladan. Shekara goma sha tara ke nan ina ba da kati a wani ƙaramin asibiti da ke bakin hanyar Bida, dab da Gidan Kwano. Ba na allura, ba na rubuta magani. Aikina in tambayi suna, in zaƙulo fayil, in nuna ƙofa. Sai dai ba na manta fuska, kuma in na gane ta bakina ba ya iya shiru. A da na ɗauka baiwa ce.

Yawancin masu zuwa wurinmu ɗaliban jami'a ne. Suna da asibiti a makarantarsu, amma wanda lalurarsa ta shafi ƙasan cibiya ya gwammace ya tako inda ba a san shi ba. Sai ya tarar da ni. Ɗaki na uku ne na irin wannan, wurin Sista Patricia: gwaji, shawara, maganin ciwon sanyi, da sauran abin da ba a faɗa da ƙarfi.

Wata Talata da hantsi wata yarinya ta tsaya a tagata a ɗan duƙe, hannunta a mara. Kafin ta gama sallama na riga ta.

"Kai! Ba Zakiyya ba ce ta gidan Alhaji Ndaliman tela? Ikon Allah! Ni fa na riƙe ragon sunanki. Yaya Alhaji? Yaya ƙafar Hajiya?"

Mutum tara ne a benci, duk suka ɗago. Ta russuna ta gaishe ni, ta ce kanta ne ke ciwo. Na tura ta ɗaki na ɗaya, aka ba ta farasitamol. Har bin ta na yi da "a gaida gida".

Sista Patricia tana bakin ƙofarta, komai a idonta. Ta tako ta dafa tagar.

"Malam Ladan, ka taɓa ganin mai ciwon kai yana riƙe mara?"

Na ce ni ba likita ba ne.

"Ita ce ta huɗu da ka kora min a watan nan. Ni ina da magani, kai kana da gaisuwa, kuma gaisuwarka ta fi maganina ƙarfi. Irin ciwon nan in aka bar shi sama yake hawa, har mahaifa. Sai bayan shekaru a ce yarinya ba ta haihuwa."

Ba ni da hanyar kiranta. Duk wanda zan aika, tona mata asiri na yi. Ranar Juma'a na haɗu da Alhaji Ndaliman a masallaci, "na ga 'yarka" ta zo min har bakin leɓe, na haɗiye ta na kama zancen tsadar tumatir. Shi kuwa mutum ne da bai taɓa zuwa cefane ba. Ya dube ni kamar na zautu.

A kwana na tara da zuwan Zakiyya wata mace cikin niƙabi ta miƙo min kati ba tare da sallama ba. Helen Yona. A Minna ba abin mamaki ba ne ka sami Helen da Halima a gida ɗaya, amma Helen cikin niƙabi ban taɓa gani ba. Kuma Helen ɗin na san ta, doguwa ce 'yar Beji, ita ma ɗaliba. Wannan gajeriya ce, a duƙe, fiye ma da yadda Zakiyya ta duƙa ranar Talata.

Na ɗauko fayil ɗin na tsaya da shi a hannu. In na bar ta ta shiga da shi, Sista za ta duba ta a kan tarihin wata, sakamakon gwajinta kuma ya zauna a fayil ɗin Helen har abada. In na ce mata ba ita ba ce, ƙofa za ta nufa, kuma ba za a yi zuwa na uku ba.

Sai na cire tabarauna na jefa a aljihu, tana kallona, bayan yanzu na gama karanta kati da shi.

"Malama, fayil ɗin nan gara ta ci shi. Sabo za a buɗe. Ga shi kuma idona yau ya ƙi. Ungo biro, rubuta sunanki da kanki, ki ninke, ki kai wa Sista ɗaki na uku da hannunki. Ita kaɗai ke karantawa."

Ta daɗe da biron a hannu. Ni kuwa na juya ina gyara fayil-fayil ɗin da ba abin da ya same su. Can na ji ƙarar rubutu, sannan na ji ƙofar ɗaki na uku ta rufe.

Kusan minti arba'in ta yi. Da ta fito da ledar magani, ta tsaya a tagar, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba Ladan."

"Wa? Malama, ban san ki ba."

"Sista ta ce in dawo ranar Alhamis mai zuwa. Kana nan?"

"Ina nan. Amma ba na jin idon nan zai warke kafin Alhamis."

Niƙabin ya ɗan motsa, ina zaton dariya ce. Ta ɗauki katin Helen ta sa a jaka.

Ranar Alhamis ƙarfe tara ta zo, da nata katin.